Me ya sa Pink Floyd ta kai ƙara kotu don hana yanka waƙoƙinta?

A watan Maris na 2010, babbar kotu a Landan ta yanke wani hukunci da ya ba mutane da dama mamaki. Ƙungiyar makaɗa ta Pink Floyd ce ta maka kamfanin EMI, tana neman a hana shi sayar da waƙoƙinta ɗai-ɗai a intanet ba da izininta ba. Hujjarta ita ce kowane faifai aiki ne guda, ba a gutsura shi kamar tsire. Alƙali ya ba ta gaskiya.

Wasu sun ɗauki abin a matsayin girman kai. Amma duk wanda ya zauna ya saurari The Dark Side of the Moon, wanda ya fito a 1973, daga farko har ƙarshe, zai gane cewa makaɗan na da hujja. Faifan yana buɗewa da bugun zuciya, yana kuma rufewa da shi. Tsakanin nan, minti 43 ne na waƙoƙin da ke shiga cikin juna babu tsayawa, a kan gudun lokaci, son kuɗi, mutuwa da taɓin hankali. Batun na ƙarshe ba tatsuniya ba ne a wurinsu, domin Syd Barrett, jagoransu na farko, ya bar ƙungiyar a 1968 bayan lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu.

Irin wannan kiɗa shi ake kira progressive rock, ko prog a taƙaice. Ya kunno kai a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, kuma masana da yawa na ɗaukar faifan King Crimson na 1969, In the Court of the Crimson King, a matsayin mafarinsa. Matasa ne da suka gaji da waƙar soyayya ta minti uku, suka jawo salon kiɗan gargajiyar Turai da na jaz, suka haɗa da jita da ganga.

Faifan garmaho na wancan zamani yana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowane gefe, sai suka ce bari su cika gefen da waƙa ɗaya. A 1972 kaɗai, Yes ta fitar da Close to the Edge mai sama da minti 18, Genesis ta yi Supper's Ready mai kusan minti 23, Jethro Tull kuwa ta shimfiɗa Thick as a Brick a gefe biyun gaba ɗaya. Kunnen da ya saba da Bakandamiyar Shata ba zai ji tsoron tsawon ba. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yadda kiɗan ke sauya taki a tsakiya. Waƙar Money, alal misali, tana tafiya ne a kan bugu bakwai maimakon huɗun da aka saba, shi ya sa ƙafa ke rikicewa in an so takawa.

Gaskiya prog ya yi nasa shirmen. Tales from Topographic Oceans na Yes waƙoƙi huɗu ne kacal a faifai biyu, kuma har mai kaɗa musu biyano, Rick Wakeman, ya ƙosa ya fice a 1974. Da 'yan punk suka taso a 1976 da gajerun waƙoƙi masu zafi, sun samu abin yi wa dariya, kuma ba duka dariyar ce zalunci ba.

Sai dai kasuwar yau ta karkata ɗaya gefen fiye da kima. Spotify na ƙirga sauraro ne da zarar an kai daƙiƙa 30, don haka mawaƙi ke gaggawar jefa amshi tun kafin yatsa ya zame. A irin wannan tsari, wa zai ba Clare Torry minti huɗu ta yi ta rera murya babu kalma ko ɗaya, kamar yadda ta yi a The Great Gig in the Sky? Fam 30 aka biya ta a lokacin, sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sa sunanta cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Ita kanta Pink Floyd ba ta daɗe a kan bakanta ba. A watan Janairun 2011, ƙasa da shekara guda bayan nasarar kotu, ta sa hannu a sabuwar yarjejeniya da EMI wadda ta bari a ci gaba da sayar da waƙoƙin ɗai-ɗai. Faifan na nan cikakke a waya, ga mai data da abin sa wa kunne da kuma minti 43 da ba zai duba WhatsApp ba.