Ɓawon abarba da ɓawon jatan lande: me zai kai su masana'anta?

Tun da aka rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, fataken abarba na zangonnin Kwatano suka ɗanɗana kuɗarsu. Abarba ba ta jira. Mota ta yi kwanaki a hanya, sai a sayar da arha ko a zubar. Shi ya sa batun sarrafa ta a gida ya sake tasowa, kuma akwai ɓangarensa da ba a cika kula da shi ba: abin da ake zubarwa.

A cikin ɓawo da kututturen abarba akwai sinadarin enzayim mai suna buromelin, mai narkar da furotin. Ɗan'uwansa papayin yana cikin ƙaron ɗanyar gwanda, kuma shi ne sirrin masu naɗe nama a ganyen gwanda don ya yi laushi. Masana'antun magani, abinci da abin sha suna sayen su duka biyun.

Matsalar enzayim ita ce idan aka zuba shi cikin ruwa ya tafi ke nan, sau ɗaya zai yi aiki, zafi kuma yana kashe shi. Dabarar masu bincike ita ce a ɗaure shi a jikin wani abu. Nan kitosan ya shigo. Ana samun sa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa: a wanke da asid, a dafa da soda mai ƙarfi, a mayar da shi 'yan ƙwayoyi kamar tsakiya, sannan a liƙa enzayim ɗin, galibi da sinadarin gulutaraldehid. Ƙarfinsa yakan ɗan ragu, amma ana tace ƙwayoyin a sake aiki da su sau da dama.

A takarda, Benin tana da komai: abarbar Allada, wadda OAPI ta ba tambarin asali a 2020, ga kuma tafkin Nokoué da na Ahémé. Sai dai jatan lande shi ne gurgun ƙafar. A Yulin 2003 ƙasar ta dakatar da kai shi Tarayyar Turai saboda ƙa'idojin tsafta. An ɗage dakatarwar a 2005, amma masana'antun ɓare shi ba su farfaɗo ba. Wanda ake kyafewa a kai kasuwa kuwa, da ɓawonsa ake daka shi a miya. Ba shara ba ce, abinci ne. Tsibin ɓawon da ake lissafi da shi sai an sake gina sana'ar kafin a gan shi.

Sannan kada a ruɗi mahauta da majema. Enzayim ɗin da aka ɗaure a ƙwaya ba ya ratsa tsoka ko fata. Aikinsa a cikin ruwa ne, kamar tace abin sha. Su garin buromelin zalla suke buƙata.

A ganina daga nan ya kamata a soma. Masu matse ruwan abarba na yankin Allada da Abomey-Calavi suna tara ɓawo kullum, jami'a tana kusa, yankin masana'antu na Glo-Djigbé ma haka. Abin da aikin yake nema shi ne sanyi da wutar da ba ta yankewa, domin ɓawon da ya kwana a rana ya riga ya fara rasa ƙarfinsa.