Ra'ayinmu: Cinikin Mutuncin Yara, Tun Daga Gida Ake Toshe Hanyar

Akwai maganar da ba a son yi a zaure ko a majalisa, amma kowa ya san da ita. A garuruwanmu akwai manya da ke ba ƙananan yara kuɗi, ko abinci, ko wayar hannu, don su yi lalata da su, kuma akwai wasu manyan da ke tsaye a tsakani suna cin riba. Wannan jarida ta ga ya dace ta yi maganar a fili, ta kuma dube ta daga ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan da ke jihar Kaduna. Ba mu ce sun fi sauran wurare lalacewa ba. Garuruwa ne na manoma da malamai a ƙasar Zazzau, masu rake da tumatir da barkono da masara, ga inabin Kudan da ya yi suna. Mun zaɓe su ne domin a inda kowa ya san ɗan kowa, rigakafi ya fi sauƙi idan an yi niyya.

Matsayinmu a taƙaice shi ne, babu yarinyar da ke kwana a ɗakin uwarta ta wayi gari a gidan magajiya. Kafin ta kai can sai ta bi matakai, shekara da shekaru, a gaban idon iyaye da maƙwabta da malamai da mai unguwa. A kowane mataki akwai babban da ya gani, kuma yana da ikon tsayar da abin.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa a Nijeriya yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, suna fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Cikin waɗanda abin ya shafa, ko biyar cikin ɗari ba su samu wani taimako ba. Wannan lissafi na ƙasa baki ɗaya ne, kuma babu hujjar da za ta sa garuruwan yankin irin su Paki ko Gimi ko Likoro su ɗauka su an tsame su.

Matakin farko da ya fi kowane fitowa fili shi ne talla. Mun san dalilinta. Uwa tana cikin gida, sana'arta ba ta fita sai a kan 'yarta, da ribar ake cefane, da ita ake zubin adashi, da ita ake tara kayan ɗaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa da farantin talla suke hura wuta. Amma a dubi abin da kyau. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta fito da awara tun la'asar, an sallame ta da kashedin da duk 'yar talla ta haddace: "Ke, kar ki dawo mini da kwantai." An yi magariba, an yi isha, rabin kayan na nan. Tana tsaye a bakin tasha tsakanin manyan motoci, ƙafa ta yi futu-futu, tana lissafin dukan da ke jiranta. Sai wani ya leƙo daga shago ya ce, "'Yan mata, kawo duka in saya, shigo ki karɓi kuɗinki." Ranar ta koma gida da ciniki cif, aka yaba mata. Gobe ma shi ya saye. Jibi ya ƙara mata ɗari biyar, ya ce kar ta faɗa wa kowa. Uwar da ta ga ciniki ya ninka kaya ba ta tambaya ba, domin tana tsoron amsar. Haka abin ke farawa, a wurare irin bakin babbar hanyar Zariya zuwa Kano da ta ratsa Tashar Yari, da ranakun kasuwa, da lokacin kakar rake da tumatir da baƙi ke cika gari da kuɗi a aljihu.

Mataki na biyu shi ne aikatau. Wata dillaliya ta shigo ƙauye da fara'a da tsaraba, ta ce akwai gidan Hajiya a Kano ko Kaduna ko Abuja, aikin bai wuce shara da wanke-wanke ba, kuɗi duk wata. A ba ta yara uku ko huɗu. Iyayen ba su san unguwar ba, ba su san sunan maigidan ba, albashin ma ta hannun dillaliyar yake biyowa bayan ta cire nata. Yarinyar da ke kwana a kicin na gidan da ba ta da kowa, idan maigida ko ɗansa ko maigadi ya taɓa ta, wa za ta kai wa ƙara? Idan ciki ya fito a koro ta, ita ce mai laifi a can, ita ce abin kunya a nan. Wasu daga nan ba sa komawa gida, sai tasha, a tasha kuwa akwai masu jiran irinsu.

Mataki na uku yana cikin gida. Aure ya mutu, uwa ta tafi, yara sun rage a hannun matar uba, ko an rarraba su riƙo, ko sun bi uwa sun zama agola. Akwai gidaje da yawa da ke riƙe amana, Allah ya saka musu. Amma inda aka bar yaro da yunwa da duka da gori, duk wanda ya sakar masa fuska ya mallake shi. Haka yarinyar da aka ɗaura wa auren da ba ta so, ta gudu gida a mayar da ita, ta sake gudowa a sake mayarwa, har ranar da za ta gudu inda ba a sani ba. Haka ƙaramar bazawara 'yar sha shida da goyo, ba makaranta, ba sana'a, uban ɗan ya manta da ciyarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mataki na huɗu ya fi duka muni, shi ne fyaɗen da aka binne da sunan rufin asiri. Masu aikin kare yara a ƙasashe daban-daban sun daɗe da lura cewa yawancin yaran da ake samu a hannun masu cinikin jikinsu an taɓa cin zarafinsu tun da farko, kuma galibi wanda suka sani ne ya yi. A wurinmu idan haka ta faru, sai dattawa su zauna, a ce a kashe maganar don kar yarinya ta rasa miji, a karɓi kuɗin magani, mai laifi ya ci gaba da zama a sahun gaba. Darasin da yarinyar ta koya a ranar shi ne, abin da aka yi mata yana da farashi, kuma manya ne suka yanke shi. Wanda ya zo daga baya da kuɗinsa ya tarar an share masa hanya.

Duk waɗannan matakai suna haɗuwa a wuri guda, wato barin makaranta. Yarinyar da ke aji tana da malamar da za ta lura idan ta yi kwana uku ba ta zo ba. Wadda ta bari ba ta cikin rajistar kowa. Kada kuma a manta da yara maza. Almajirin da ke kwana a rumfar kasuwa, da yaron mota, da mai wanke kwanuka a gidan abinci, su ma ana yaudararsu da abinci da wurin kwana, kuma kunya ta fi hana su magana. Yanzu ga waya ta ƙara buɗe wata ƙofa, mai neman yarinya yana iya isa gare ta ta WhatsApp ko TikTok ba tare da ya yi sallama a ƙofar gidansu ba.

Akwai masu cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan jarida ba ta yarda a kawo wannan karin magana a kan yaro ba. 'Yar shekara goma sha uku ba ta da yardar da za ta bayar, ko ta karɓi kuɗin, ko ita ta je da ƙafarta. Laifin na mai biya ne, da kawali, da magajiya, da mai ɗakin da ya bayar haya yana sane. Addinin da mafi yawan mutanen wannan yanki ke bi ya yanke hukunci tun da daɗewa. Aya ta 33 cikin Suratun Nur ta haramta tilasta wa 'yan mata fasiƙanci don neman abin duniya, ta kuma buɗe ƙofar gafara ga wadda aka tilasta. Mu kuwa mun juya abin, muna jifan yarinya, muna gaida Alhaji.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003, jihar Kaduna kuma ta kafa tata a 2018. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba ga wanda ya jefa ɗan ƙasa da shekara 18 cikin wannan harka, ta kuma haramta ɗaukar yaron da bai kai 12 ba aikin gida. A Satumbar 2020 jihar ta gyara dokar hukunta laifuka, ta sa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da 14 fyaɗe. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Sai dai doka komai zafinta ba ta aiki kan ƙarar da ba a kai ba, kuma duk hukuncin da za a yanke yana zuwa ne bayan an riga an cuci yaro.

Don haka muna kira da a fara daga inda ake da iko. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa doka a bakinsu: ba tallar yara bayan magariba, ba shiga shago ko ɗaki ko mota karɓar kuɗi, kuma duk mai ɗaukar yara aikatau ta gabatar da kanta gaban mai unguwa, a rubuta sunanta da gidan da za a kai su. Shugabannin direbobi da 'yan kamasho da sarakunan kasuwa sun fi kowa sanin abin da ke faruwa a tasha da dare, a ɗora musu alhakin kai rahoto.

Ba za a ce wa uwa ta sauke farantin talla a bar ta da yunwa ba. Majalisun ƙananan hukumomin uku su ware wa mata rumfuna a kasuwanni, su tallafa wa ƙungiyoyinsu da jari, a samu manyan mata da za su riƙa sarar kayan matan kulle suna sayarwa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kaduna ke cikin jihohin farko da suka shiga, yana gyara makarantu yana tallafa wa karatun 'yan mata. Jama'a su bibiyi rabonsu a ciki, su tabbatar ya kai ƙauyuka bai tsaya a hedikwatocin ƙananan hukumomin, wato Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi, ba. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta daɗe tana tara 'yan matan karkara ƙarƙashin wata babbar mace da iyaye suka amince da ita, ana koya musu karatu da sana'a da yadda za su kare kansu. Makarantun Islamiyya na iya ɗaukar wannan tsari ba tare da jiran kowa ba.

Ga yaran da abin ya riga ya shafa, akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe. Iyaye su sani cewa maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 na farko yake aiki, jinkirin zaman sulhu na iya jawo cutar da ba ta warkewa. Amma daga Auchan ko Gubuchi zuwa Zariya tafiya ce mai cin kuɗin mota. Gwamnatin jiha ta horar da ma'aikata a asibitocin Ikara, Maƙarfi da Hunkuyi, ta kuma ba jami'an jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi abin hawa da kuɗin aiki. 'Yan sanda da masu tsaron unguwa kuma su daina kama yarinya su saki wanda aka same ta da shi.

Limamai da fastoci su fito da maganar a huɗuba da wa'azi, su ambaci mai biya kafin su ambaci suturar yarinya. Uba ya san cewa ciyar da 'ya'yansa bai faɗi ba don ya saki uwarsu. Maƙwabcin da ya ga 'yar shekara goma tana fitowa daga shagon ƙato da dare, ya yi magana a daren, kar ya jira sai ciki ya fito ya ce da ma ya sani. Shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan kuma su zauna da hakimansu kafin kakar bana, su fitar da matakan da za su ɗauka a rubuce, su sanar da jama'a. Yaran nan amana ce a wuyan duk wanda ya gani yana da ikon hanawa, kuma za a tambaye shi.