Gyatsar Saniya Ba Abin Dariya Ba Ce

'Yan uwa marubuta, kun mayar da "harajin gyatsar shanu" na Niyu Zilan abin raha, har wasu na rubuta "harajin tusa". Ku gyara. Mafi yawan iskar metan mai ɗumama duniya ta baki saniya ke fitar da ita, daga tumbinta inda ciyawa ke narkewa.

Kusan rabin irin wannan gurɓataccen iska da ƙasar ke fitarwa daga noma da kiwo yake. A 2022 gwamnatin Jacinda Ardern ta shirya sa wa makiyaya kuɗi a kansa, a 2024 gwamnatin Christopher Luxon ta soke shirin. A ganina wannan ragwanci ne.

Mu jikokin masu biyan jangali mun san zafin harajin shanu. Amma jangali baitulmali ya ci, wannan kuwa an tsara kuɗin su koma wa harkar kiwon da bincike.

Masu cewa a jira kimiyya fa? Maganin Bovaer sai an gauraya shi cikin abincin dabba kullum. Saniyar da ta wuni tana kiwo a fili, wa zai bi ta da kwano?