Hasken da ke wuce Mubi ba mai tarbarsa

Da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen watan Oktoba, kafin hazo ya sauko, sararin samaniyar Mubi yakan wanke tas. Duk wanda ya fita bayan gari wajen duwatsu bayan sallar lisha, ya ɗaga kai ta fuskar arewa, zai iya hango wani ɗan farin tabo kamar hayaƙi. Wannan tabo shi ne garken taurarin da Turawa ke kira Andromeda, mai siffar faifai, wanda haskensa ke yin tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso idon mutum. Tun a shekarar 964 malam Abdurrahman al-Sufi ya ambace shi cikin littafinsa na taurari, ya kamanta shi da ɗan ƙaramin gajimare.

To, ido iyakarsa ke nan. Hoto ne ke nuna naɗe-naɗen garken, kuma abin da ya kamata mutanen Mubi su lura da shi, ba ma'aikacin gwamnati ne ya fara ɗaukar irin wannan hoto ba. Wani ɗan kwangilar gine-gine ne a Ingila, Isaac Roberts, wanda a 1888 ya bar kyamararsa a buɗe wajen awa huɗu don sha'awa kurum. A watan Mayu na 2023 ma, wani ɗan sha'awa a Japan, Koichi Itagaki, shi ya fara ganin fashewar tauraro cikin garken M101, sa'an nan manyan masana suka bi sawunsa.

Yau aikin ya yi sauƙi. Da yake duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, akan ɗora kyamara bisa wata 'yar na'ura mai bin taurari sannu a hankali, a ɗauki hoto na minti ɗaya ko biyu, a sake, har sau ɗari. Kowane ɗaya shi kaɗai dishi-dishi ne, cike da tsaki-tsaki. Kana a rufe bakin kyamarar a ɗauki wasu cikin duhu, domin a gane dattin da na'urar kanta ke haifarwa a cire shi. Sai a ɗora su duka bisa juna a kwamfuta da manhaja irin su Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda kyauta ake samunsu. Hasken gaskiya yana wuri ɗaya a kowane hoto, saboda haka yana taruwa, tsaki-tsakin kuwa ba ya da mazauni, sai ya yi ta shafe juna. Hoto ɗari ya fi guda ɗaya tsabta sau goma.

Akwai masu cewa wai wannan gyara ha'inci ne, kwamfuta ce ta zana. Ba su da gaskiya, amma tsoronsu ba na banza ba ne a wannan zamani na hotunan jabu. Mai sheƙar hatsi ba ya ƙara ƙwaya ko ɗaya, ƙaiƙayi yake fitarwa. Ha'inci yana farawa ne ran da mutum ya liƙa tauraron da kyamararsa ba ta gani ba, kuma maganinsa shi ne ya ajiye hotunan asali, ya nuna wa duk wanda ya nema.

Babbar matsala a Mubi ba ta kuɗi ba ce, domin tsohuwar kyamara da na'urar bin taurari ba za su kai kuɗin bijimai biyu a kasuwar shanun garin ba. Matsalar ita ce dare. Garin da ya faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014 bai manta ba, kuma saurayin da aka gani ƙarfe ɗaya na dare a bayan gari da wani abu mai kama da bututu bisa ƙafa uku, zai sha tambayoyi kafin ya gama bayanin Andromeda. Ba wanda zai ga laifin jami'in tsaron.

A nan ne nauyi ya hau kan Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, waɗanda duka suna cikin Mubi, suna da fili da shinge da masu gadi da malaman kimiyya. Ware dare biyu a wata, lokacin da farin wata ya ɓuya, a kashe fitilun fili guda, a sanar da hukuma, a buɗe wa ɗalibai da 'yan gari ƙofa, ba ya bukatar kwamiti ko kwangila. Mubi tana kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, watau tana ganin taurarin arewa da yawancin na kudu, abin da mutumin London ba ya samu. Sai dai lokacin gajere ne: daga Disamba ƙurar hunturu takan rufe sama, kafin ta lafa kuma Andromeda ta karkata yamma.