KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KWASHE KUƊI

Wani sabon wa'azi ya shigo gari daga ofisoshin ƙungiyoyin Turawa da kafafen watsa labaransu. Wai duniya na ɗumama saboda hayaƙin da 'yan Adam ke turnuƙawa sama, don haka kowa ya gyara rayuwarsa, a rage cin nama, a rage hawa mota da jirgin sama, a kashe kwan lantarki, a daina girki da itace. Har ta kai ana tara matasa a otal-otal ana koya musu lissafin abin da ake kira "sawun kabon", wato yawan hayaƙin da mutum ɗaya ke jawowa a shekara.

Ɗumamar yanayi gaskiya ce, babu mai hankalin da zai musa. Manomin da damina ta rikice masa shaida ne, haka nan waɗanda suka tsira daga ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a Nijeriya. Abin tambaya shi ne, wa ya yi ɓarnar, kuma wa ake ɗora wa laifin?

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan kalma ta "sawun kabon" kamfanin mai na BP na Ingila ne ya yayata ta a tallace-tallacensa wajajen 2004 da 2005, har ya ɗora ma'auni a intanet don kowa ya auna nasa laifin. Mai haƙo man da sayar da shi ne ya koma yana yi wa mai saye nasiha! Shi kuwa Exxon na Amurka, tun 1977 masanansa suka shaida wa shugabanninsa cewa ƙona mai da kwal na ɗumama duniya, amma ya shafe shekaru yana ba masu jefa shakku a kan batun kuɗi. Wani rahoto na 2017 ya nuna cewa kashi 71 cikin ɗari na hayaƙin masana'antu tun 1988 ya samo asali ne daga mai da gas da kwal da kamfanoni 100 kacal suka haƙo.

A duba ma'aunin nasu ma. Ba'amurke ɗaya yana fitar da kimanin tan 14 na iskar kabon a shekara, ɗan Nijeriya bai kai tan ɗaya ba, na ɗan Nijar kuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ne. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin ɗari take fitarwa. To, wane nama za a ce wa ɗan acaɓa ya rage, alhali daga layya sai layya yake ƙoshi da shi? Wane kwan lantarki zai kashe a unguwar da ta kwana uku babu wuta?

Abin takaici, su ma mahukuntan gida kanwar ja ce. Tun 1984 doka ta hana kamfanonin mai ƙona gas a banza in ba da izini ba, amma har yau wutar tana ci dare da rana a yankin Neja Delta. Tun 1999 ake lodin gas daga Boni zuwa ƙasashen waje, alhali matar talaka na hura itace idonta na hawaye. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da dama suka jingine tukunyar gas suka koma gawayi. Sannan a zo a ce wannan baiwar Allah ita ke cinye daji! Su kuwa manyan ƙasashen da suka yi alkawari a Kopanhagen a 2009 cewa za su riƙa ba ƙasashe matalauta dala biliyan 100 duk shekara daga 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne.

Sai dai fa laifi tudu ne. Kada 'yan uwa matasa su fake da zaluncin azzalumai su ƙyale nasu gyaran. Mai cinna wa daji wuta don farautar gafiya, da mai babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, da mai ƙona leda a ƙofar gida, da mai sare ɗanyen itace bai dasa wani ba, duk maƙwabtansu da 'ya'yansu suke fara cutarwa. Musulunci ya hana almubazzaranci ko da a ruwan alwala ne, ya kuma sanya dasa itace cikin sadaka, ƙarnoni kafin a haifi BP. Matashin da burinsa bai wuce ya kwaikwayi rayuwar Ba'amurke ba, ta cin fiye da ƙima da sayen abin da ba ya buƙata, ya sani cewa wannan rayuwar ce ta jefa duniya cikin halin da take ciki.

Don haka matashi ya dasa itace ya raine shi, ya gyara babur ɗinsa mai hayaƙi, ya taka da ƙafa zuwa masallacin unguwa, ya yi hakan don Allah da haƙƙin maƙwabci. Amma duk ranar da aka tara shi a otal aka miƙa masa takardar lissafin hayaƙinsa, ya miƙe ya nemi a fara karanto na kamfanonin mai tukuna. Allah Ya ganar da al'umma, Ya isar wa raunana.