Mastar ta koyar da aikin jinya ta intanet: wa zai amince da takardar in an gama?

A ƴan shekarun nan tallace-tallacen karatun digiri na biyu, wato Mastar, ta hanyar intanet sun yawaita a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na ma'aikatan lafiya, daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ɗaya daga cikin fannonin da ake tallatawa shi ne koyar da aikin jinya, inda ma'aikacin da ke da digirin Lisans zai koyi yadda ake horar da sabbin ma'aikata ba tare da ya bar aikinsa ko iyalinsa ba. Bukatar irin waɗannan malamai gaskiya ce. Sai dai amfanin takardar ya dogara ne ga hukumar da za ta amince da ita bayan an kammala.

Ƙarancin malamai, matsalar da ba a cika magana a kanta ba

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da ya fito ranar 12 ga watan Mayun 2025 ya ce akwai ma'aikatan jinya miliyan 29.8 a duniya a 2023, amma ana da giɓin miliyan 5.8, kuma nahiyar Afirka na cikin inda abin ya fi tsanani. Hukumar ta ƙiyasta cewa ƙasa na bukatar likitoci, ma'aikatan jinya da ungozoma aƙalla 4.45 ga kowane mutum 1,000. Nijar ba ta kai ko 1 ba.

Cike wannan giɓi na bukatar masu koyarwa. Ko Amurka, inda irin wannan Mastar ta intanet ta fi bunƙasa, tana fama da matsalar: ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar, AACN, ta ce a 2023 makarantu sun mayar da takardun neman gurbi sama da 65,000 na waɗanda suka cancanta, kuma rashin isassun malamai na cikin manyan dalilai.

A Nijar, bayan makarantun gwamnati irin su ENSP Damouré Zika ta Yamai da ENSP ta Damagaram, makarantun lafiya masu zaman kansu sun bazu a manyan birane. Da yawansu sun dogara ne ga ma'aikatan asibiti da ke zuwa su ba da darasi bayan sun tashi daga aiki. Mutum na iya ƙwarewa wajen sa ruwa ko karɓar haihuwa, amma tsara darasi, auna fahimtar ɗalibi da bin sawunsa a wurin sitaj wani ilimi ne na daban. Ɗalibin da bai samu horo mai kyau ba, gobe shi ne majo a wata CSI ta ƙauye, inda babu wani likita a kusa da zai gyara masa kuskure.

Me ake koyarwa?

A tsarin Amurka karatun kan ɗauki watanni 18 zuwa shekaru 2. Ana zurfafa ilimin cututtuka, magunguna da duba majiyyaci, sannan a koyi tsara manhaja, dabarun koyar da manya, shirya jarrabawa da koyarwa da mutum-mutumin gwaji. Duk da cewa darussan na intanet ne, akwai sa'o'in koyarwa a zahiri da dole ɗalibi ya yi a gaban wani malami da makarantar ta yarda da shi.

Nan ne ɗan Nijar ke fara cin karo da cikas. Galibin waɗannan jami'o'i na neman digirin farko na jinya da lasisin aiki na Amurka kafin su ɗauki mutum. Karatun da Ingilishi ake yin sa, kuma kuɗin kan haura dala 15,000, wato sama da miliyan 8 na CFA, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi jikka 42 ne a wata. Wannan ya sa hankalin masu nema ya fi karkata ga cibiyoyin ƙasashe masu amfani da Faransanci a yankin, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi kuma suke bin tsarin Lisans, Mastar da Dokta, wanda ƙungiyar UEMOA ta amince da shi tun 2007.

Batun amincewa da takarda

Hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a taron shugabannin ƙasashe a Yamai a watan Janairun 1968, kuma take da mazauni a Wagadugu, tana da shirin tantance digirori a ƙasashe 19 da ke cikinta. Tantancewar kan shafi digiri ɗaya-ɗaya ne. Makaranta na iya samun amincewa a kan Lisans ɗinta alhali Mastar da take tallatawa ba ta samu ba. Tambarin CAMES a jikin talla bai wadatar ba. Sunan digirin kansa ya kamata a nema a jerin hukumar. Ga digirin Amurka kuwa, hukumomin da aka sani da tantance karatun jinya su ne CCNE da ACEN.

Abubuwan da suka faru kwanan baya sun isa gargaɗi. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka sun bankaɗo sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a jihar Florida. A ƙarshen shekarar kuma, ɗan jaridar Najeriya Umar Audu ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni 6 ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a watan Janairun 2024. Matakin ya rutsa har da ɗaliban da suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai wani mataki. Ƙarin matsayi ba ya zuwa don kawai mutum ya kawo sabuwar takarda. Akwai batun izinin horo daga ma'aikatarsa da kuma daidaita digirin waje da na cikin gida. Wanda ya nemi bayani a rubuce kafin ya yi rajista ya fi wanda zai zo yana bin ofisoshi bayan ya kashe shekaru 2 da kuɗinsa.

Ina ake samun aiki?

Ga wanda takardarsa ke da inganci, ƙofofi a buɗe suke. Ta farko ita ce koyarwa ta dindindin ko shugabancin sashen karatu a makarantun lafiya. Ta biyu, kula da horon ma'aikata da ɗaliban sitaj a manyan asibitoci, kamar babban asibitin Damagaram da asibitocin ƙwararru na Yamai da Maraɗi. Ta uku, ƙungiyoyin agaji irin su MSF da ke aiki a Madarunfa da Magarya, ko ALIMA da BEFEN a Mirriya, waɗanda aikinsu kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke bukatar horar da sabbin ma'aikata a kowace damina. Mastar kuma ita ce tsanin zuwa Dokta ga mai son koyarwa a jami'a.

Masu kallon ta a matsayin hanyar fita waje ya kamata su san cewa ba ta ba da lasisin jinya a wata ƙasa. Amurka na neman jarrabawar NCLEX. Nijar kuma na cikin ƙasashe 55 da OMS ta lissafa a 2023, waɗanda ta bukaci ƙasashe masu arziki su guji zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu.

Abin da ya rage ga hukumomi

Shigowar Starlink a watan Maris na 2025 ta faɗaɗa intanet, ko da yake tsadarsa da ɗaukewar wuta a lokacin zafi na nan. Ga ungozomar da ke aiki a Dakoro ko Tanut, wadda ba za ta iya barin ƴaƴanta ta tafi Yamai na shekaru 2 ba, karatun nesa shi ne hanyar da ta fi kusa. Idan ma'aikatun lafiya da na ilimi mai zurfi suka wallafa jerin digirorin da suke karɓa, jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo da André Salifou, masu sassan kimiyyar lafiya, kuma suka haɗa darussan intanet da koyarwa a asibitocin jihohi, kuɗin da ke fita waje zai tsaya a gida, makarantun lafiya su samu malaman da suke nema.