FILIN SANA'A: Zare mai kitso da birkinsa

Idan damina ta janye, tabkunan ƙasar Kance da na kwarin Korama kan cika da masunta. Yawancinsu da raga da mamari suke aiki, yadda suka gada. To amma akwai ma'aikata da ƴan kasuwa da kan sayo sandar fatsa mai na'urar naɗe zare, su tafi bakin ruwa ranar Lahadi neman tarwaɗa. Irin waɗannan ne zare mai kitso kan kunyata, domin kuwa suna ɗaura masa birki kamar yadda suka saba ɗaura wa nailan.

Birkin nan wasu ƴan fayafai ne da ke riƙe kwarkwaro. In jan kifi ya wuce iyakar da aka sa, sai su saki zare. Nailan yana da miƙewa, yakan ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100 kafin ya tsinke, saboda haka shi ne ke shanye fizgar kifi. Shi kuwa mai kitso, wanda ake yi da zaruruwa irin su Dyneema da Spectra, kusan ba ya miƙewa ko kaɗan. Duk fizgar da babbar tarwaɗa ta yi, kai tsaye take isa ga ƙugiya da ƙulli da sanda. In birki ya yi tsauri, ko ƙugiya ta miƙe, ko ta yage bakin kifi, ko sanda ta karye, kuɗi sun bi ruwa ke nan.

Ƙa'ida ita ce: ga nailan, a sa birki a kan rubu'i zuwa sulusin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwali, ga mai kitso, a sassauta zuwa ɗaya bisa biyar ko rubu'i. Zaren da ke ɗaukar kilo 20, ke nan ya fara sakuwa a kilo 4 ko 5. Ba da ƙiyasi ake yi ba: sai a zura zare ta zobban sanda, a ɗaura shi ga sikeli mai ƙugiya irin na ƴan kasuwa, a ja a karanta. Kada a kuskura a naɗe shi a hannu a ja, gama yana yanka yatsa kamar reza.

Saura abu biyu. Mai kitso yana da santsi, yakan zame a kan kwarkwaro har mutum ya zaci birki ne ya lalace. Maganinsa a fara naɗa nailan kaɗan a ƙasa. Sa'an nan, yadda zare ke raguwa a kwarkwaro, haka birki ke ƙara tsauri da kansa, don haka wanda kifi ya yi wa nisa, sassautawa ta kamace shi, ba ƙara ɗaurewa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A gida ake auna birki, tun kafin a ga ruwa. In an dawo kuma a kwance shi, a kakkaɓe ƙurar hunturu, a adana.